Fitilar Murjani: Nasiha Ga Masu Son Kawo Teku Cikin Ɗaki

Ƙannena, wanda ya taɓa kiwon kifin ado a ruwan daɗi ya san cewa fitilar da ke saman gilashin don mai kallo aka sa ta. Ko ta mutu wata guda, kifi zai ci abincinsa ya ci gaba da iyo. Amma ranar da kuka haɗa ruwan gishiri kuka ajiye murjani mai rai a ciki, lissafi ya sauya, domin daga ranar fitilar nan ce ke ciyar da abin da kuke kiwo. Na san hotunan irin waɗannan tankuna suna yawo a wayoyinku, ruwa shuɗi, rassa suna ƙyalli kore da ja, na kuma san a cikinku akwai masu tara kuɗi don su gwada. Kafin kuɗin su bar aljihu, ku ba ni aron hankalinku.

Murjani dabba ne, duk da ido yana ɗaukarsa dutse ko tsiro. Ƙananan halittu ne masu baki ɗaya da 'yan hannaye kewaye da bakin, suna zaune dubbai a manne da juna, wasu daga cikinsu kuma suna gina wa kansu ƙashi mai tauri irin na dutsen alli. A cikin namansu akwai wata gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya tal, wadda masana ke kira zuzantela, kuma a murabba'in santimita guda ana iya samun miliyan ko fiye. Zamansu irin na mai gida da ɗan haya ne. Murjani ya ba da ɗaki da tsaro da abin da jikinsa ke fitarwa, ita kuma ta karɓi haske ta haɗa sukari ta biya haya da shi. A wasu nau'o'in, abin da take biya yakan kai kashi 90 cikin 100 na abin da dabbar ke rayuwa da shi. Haske ya gaza, ɗan haya ya rasa abin biya, mai gida ya rame. Haske ya yi yawa kuwa, wata rigima ce daban, zan zo kanta.

Kada ku haɗa wannan da jan murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya. Na asalin daga Bahar Rum ake ciro shi, yana tsirowa ne a kogunan dutse da zurfi inda rana ba ta cika kai wa ba, kuma ba shi da wannan gansakuka ko kaɗan. Akwai irinsa a cikin waɗanda ake kiwo a tanki, kamar Tubastraea mai ruwan lemo, wanda bai damu da fitilarku ba, sai dai ku bi bakunansa ɗaya bayan ɗaya kuna ba su abinci. Haka nan idan kifaye kaɗai kuke so, irin ɗan kifin nan mai ratsin fari na fim ɗin Nemo, kowace fitila mai kyau ta wadatar, ku riƙe kuɗinku. Maganata da masu son murjani mai cin haske nake yi.

Fitilarku ƙoƙari take ta kwaikwayi teku, don haka sai ku fara sanin abin da teku ke yi wa hasken rana. Ku ɗauki Sanganeb, tsaunin murjanin nan da ke cikin Bahar Maliya, kimanin kilomita 25 daga gaɓar Sudan, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016. A kan wannan teku ne kakanninmu mahajjatan ƙafa suka riƙa tsallakawa daga Suwakin zuwa Jidda, ga dukiyar nan a ƙarƙashin jiragensu. Rana tana sauka a saman ruwan da launukanta duka, amma ruwa ba ya barin su su wuce tare. Ja ne ke fara ɓacewa: kafin a kai mita 5 yawancinsa ya tafi, a mita 10 kusan babu shi, shi ya sa mai nutso da ya ji ciwo a can ƙasa yake ganin jininsa ba ja ba. Ruwan lemo ya bi, rawaya ta bi, sannan kore. Shuɗi ne ke kai wa can ƙasa. Gansakukar da ke jikin murjani ta dace da wannan yanayi. Kulorofil ɗinta ya fi kama haske a wajen nanomita 440, wato shuɗi mai karkata zuwa shunayya, tana kuma da wani sinadarin launi, feridinin, da ke kama shuɗi mai karkata zuwa kore har wajen nanomita 550. Wannan ne dalilin da fitilun murjani suka cika shuɗi. Ƙyallin nan da ke ɗaukar ido kuwa wasu furotin ne a jikin dabbar, masu shan shuɗin haske su mayar da shi kore ko ja, kuma a ƙarƙashin farar fitilar ɗaki ba za ku gan shi sosai ba.

A nan ne mafi yawan sababbin shiga ke faɗawa rami, kuma idonsu ne ke jefa su. Idon ɗan'adam ya fi jin haske a nanomita 555, kore mai karkata zuwa rawaya. A nanomita 450, inda murjani ke cin abincinsa, abin da ido ke ji bai kai kashi 5 cikin 100 na wancan ba. Saboda haka fitila tana iya zuba wa murjani shuɗin hasken da ya fi ƙarfinsa, ku kuma kuna tsaye kuna cewa tankin ya yi duhu, ku ƙara mata ƙarfi. Bayan mako biyu ku tarar da rassa sun yi fari fat. Manhajar auna haske da ke cikin waya ita ma da idon mutum aka gwada ta, ba za ta cece ku ba.

Ma'aunin da masu wannan sha'awa ke magana da shi ana ce masa PAR. Yana ƙirga yawan ƙwayoyin haske, tsakanin nanomita 400 da 700, da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, ba ruwansa da abin da ido ya gani. Tsakar rana a ƙasashe masu zafi, a saman ruwa, lambar tana kusantar 2,000. Kada wannan ya ruɗe ku, murjani ba ya buƙatar ko kusa da haka. Masu laushi, irin waɗanda ake kira lema da Zoanthus da masu kama da fata, suna jin daɗinsu tsakanin 50 da 150. Masu ƙashi da manyan bakuna, kamar Euphyllia, su ma nan kusa suke, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Masu ƙashi da ƙananan bakuna, Acropora da 'yan'uwansa, su ne mayunwata, ana ba su daga 200 zuwa 350, wasu har 400. Na'urar auna PAR, irin ta kamfanin Apogee na Amurka da ake tsoma kanta cikin ruwa, tana da tsada, kuma ba abin amfanin kullum ba ce. A ƙasashen da masu kiwon murjani ke da ƙungiyoyi, aron ta ake yi ko haya. Idan kun kai ku uku ko huɗu a gari ɗaya, ku yi karo-karo ku sayi guda. Ku auna a saman duwatsu, ku auna a tsakiya, ku auna a kan yashi da kusurwoyi, ku zana tankin a takarda ku rubuta lambobin. Wannan takarda ta fi duk abin da mai shago zai gaya muku.

Lambobi biyu da ke jikin kwali ku rage ba su girma. Wat ƙarfin wutar da fitila ke sha ne, kuma fitilu biyu masu wat ɗaya suna iya bambanta nesa ba kusa ba a hasken da ke isa ga murjani. Kelbin kuwa launi yake faɗa: 6,500 fari ne irin na tsakar rana, 10,000 fari mai sanyi, 14,000 zuwa 20,000 shuɗi. An yi kiwon murjani lafiya lau a ƙarƙashin kowannensu. Muddin akwai wadataccen shuɗi a ciki, sauran zaɓin na idonku ne, kuma a nan kam ido yana da ta cewa.

To, da me za a fara? Da dabbar. Ku zauna ku yanke shawarar abin da za ku kiwata kafin ku kalli kowace fitila. Shawarata, shekarar farko ku tsaya kan masu laushi, domin suna yafe kuskure, ba sa cin wuta, kuma idan suka kama wuri har sai kun riƙa rage su. Acropora ba ya yafiya. Haka anemoni, gidan da ɗan kifin Nemo ke kwana a ciki, da Tridacna, dabbar nan mai ɓawo biyu: dukansu suna ɗauke da gansakukar, dukansu masu son haske ne mai ƙarfi, kuma ba kayan ɗan koyo ba ne. Bayan dabba sai zurfin tanki. Haske yana raguwa da sauri gwargwadon nisa, fitilar da ta ishi tanki mai zurfin santimita 40 ba lalle ta kai ƙasan mai santimita 70 ba. Sai faɗi, wanda shi aka fi mantawa. Ƙaramar fitila mai ƙarfi guda ɗaya tana tara haske a tsakiya ta bar gefe, kuma murjani mai rassa idan ya girma yakan yi wa kansa inuwa, ƙasansa ya mutu samansa na tsirowa. Fitilu biyu matsakaita da aka rage musu ƙarfi sun fi guda ɗaya da aka ƙure. A ɗaga su kamar santimita 20 zuwa 30 daga saman ruwa don hasken ya bazu.

Fitilun iri uku ne. Na farko shi ne halaid, babban ƙwai irin na filin ƙwallo, mai wat 150 ko 250 ko 400. Ba a raina shi. A shekarun 1980, lokacin da mutane da yawa ke ganin murjani mai ƙashi ba zai rayu a gilashi ba, wani Bajamushe a Balin mai suna Dietrich Stüber ya raya Acropora a tankinsa har ya riƙa rarraba rassansa, kuma zamanin halaid ne ya mayar da irin wannan abin mamaki ya zama ruwan dare. Haskensa yana ratsa zurfi, yana kuma jefa layukan nan masu rawa a kan yashi irin na teku. Sai dai zafi. Murjani yana son ruwa a digiri 25 zuwa 26, ku kuma ku tuna watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda inuwa kanta ke kai wa 40. Ɗora halaid a kan tanki a irin wannan ɗaki yana nufin sayen na'urar sanyaya ruwa mai girma, ita ma da tata wutar. Ƙwai ɗaya mai wat 250 a awa takwas ya cinye yunit biyu a mita kowace rana. Ni dai ban ga dalilin da ɗan koyo a ƙasar zafi zai bi ta nan ba.

Na biyu T5, dogayen ƙwayaye sirara da ake jerawa huɗu ko shida ko takwas. Mai wat 54 tsawonsa kimanin santimita 115. Haskensu a shimfiɗe yake, ba ya barin inuwa, kuma ba su da maɓallan da za su ja hannunku zuwa ɓarna. Matsalarsu ƙarfinsu yana raguwa ido bai lura ba, ana sauya su duk wata tara zuwa shekara. Kafin ku saya, ku tambayi kanku inda za ku samo sababbi baɗi, domin dogon ƙwan da ake sayarwa a shagon kayan wuta na unguwa ba irinsu ba ne. Ranar sauyi kuma kada a sauya duka lokaci guda, a riƙa yi ɗaya ko biyu ana ba da tazarar mako.

Na uku LED, wanda yau shi ya cika kasuwa. Bai yiwu ba sai bayan da Shuji Nakamura, yana aiki a kamfanin Nichia na Japan, ya fito da shuɗin LED mai haske sosai a 1993, aikin da ya sa shi da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano suka sami kyautar Nobel a 2014. LED ba ya shan wuta da yawa, ba ya gasa ruwa kamar halaid, ana rage shi ana ƙara shi, kuma yana tafiya da inbata da sola ba tare da wahala ba. A wurinmu shi ne zaɓi, ban da tantama. Za ku ji sunaye irin su Radion da Kessil da Hydra, masu kyau ne kuma masu tsada. Akwai marasa suna masu araha da suka raya murjani mai laushi lafiya. Abin da za ku duba shi ne ko mai ƙera ta ya bayyana launukan da ke ciki da lambobin PAR a zurfi daban-daban, ko ana iya rage ƙarfin shuɗi da fari kowanne daban, da kuma yadda take fitar da zafinta. Wannan na ƙarshen ya shafe mu musamman. LED yana daɗewa ne idan yana samun sanyi, ƙurar hunturu kuwa ba ta da aiki sai toshe 'yar fankar da ke cikinsa. A riƙa hure ta. Fitilar da aka yi don tsirran ruwan daɗi ko don haskaka shago, komai arharta, ku bar ta.

Yanzu rigimar da na ce zan zo kanta. Gansakuka tana da iyakar hasken da za ta iya sarrafawa. Idan aka wuce iyakar, musamman in ruwa ya yi ɗumi, maimakon sukari sai ta fara fitar da sinadarai masu ƙona naman mai masaukinta. Murjani ya kore ta. Da yake ita ce ke ba shi yawancin launinsa, sai naman ya koma garau, farin ƙashi ya bayyana ta cikinsa. Bai mutu ba tukuna, amma ya kori mai ciyar da shi, in hali bai gyaru ba yunwa ta ƙarasa shi. Abin da ya faru ke nan a tekunan duniya a 1998, ya sake afka wa babban tsaunin murjani na Ostiraliya a 2016 da 2017. A teku, ƙarin digiri ɗaya kan zafin bazara da aka saba, in ya ɗauki makonni, ya isa. A tankinku fitila kaɗai tana iya yin wannan aiki cikin kwanaki. Ku riƙe wannan: murjanin da haske ya yi wa kaɗan yakan ɗauki makonni yana nuna muku alama, ya koma ruwan ƙasa, ya riƙa miƙa wuya sama, kuna da lokacin gyara. Wanda haske ya yi wa yawa ba ya ba da wannan dama. In za a yi kuskure, gara a yi shi ta ɓangaren ƙaranci.

Saboda haka sabuwar fitila a fara ta ƙasa da rabin ƙarfinta, a riƙa ƙara kaɗan-kaɗan duk mako. Sabon murjani, wanda ya kwana biyu a duhun kwali yana tafiya, a ajiye shi ƙasa a kan yashi, a riƙa hawa da shi sannu a hankali har inda ake so ya zauna. Akwai kuma ƙarin hasken da ke shigowa ba ku taɓa maɓalli ba. Ruwan tanki yakan yi rawaya-rawaya da daɗewa, ya riƙa tare shuɗi. Ranar da kuka sa gawayin tace ruwa ya washe, murjani ya ji kamar an ƙara fitila. Haka idan kuka goge gishirin da ya daskare a murfin gilashi bayan watanni. Irin waɗannan ranaku a ɗan rage ƙarfi.

Kada kuma ku ɗora wa fitila kowane laifi. Murjani yakan koma ruwan ƙasa don datti ya yi yawa a ruwa, naitaret da fosfet sun hau. Gansakukar banza da ke lulluɓe duwatsu ita ma dattin ne ke ciyar da ita, haske taimaka mata kawai yake yi. Kuma duk lokacin da haske ya ƙaru, murjani mai ƙashi yana ƙara saurin gini, yana janye kalsiyam da sauran kayan gininsa daga ruwa, yana kuma buƙatar ruwa mai motsi sosai. Wanda ya ƙara haske bai ƙara waɗannan ba ya buɗe wa kansa sabuwar matsala.

Tsawon lokaci ba shi da wuya: awa takwas zuwa goma na cikakken haske, da ɗan hawa da safe da ɗan sauka da yamma, jimilla kada ta wuce sha biyu. A sa agogon da ke kunnawa da kashewa da kansa. Dare kuma a bar shi dare. Wasu suna barin shuɗin haske har asuba wai farin wata, alhali murjani yana lura da duhu fiye da yadda kuke zato. A Ostiraliya ɗimbin murjani sukan saki ƙwayayensu tare cikin 'yan darare bayan cikar wata a ƙarshen shekara. A gidan tarihi na Horniman da ke Landan, Jamie Craggs da abokan aikinsa sun kwaikwayi tsawon yini da zafin ruwa da hawa da saukar wata a tankunansu, a 2013 murjaninsu ya saki ƙwai a rufaffen tanki bisa shiri. Dabbar da ke ƙirga darare haka ba ta son a riƙa yi mata wasa da rana. LED na zamani yana zuwa da manhaja a waya, akwai tsawa, akwai gajimare, akwai launi bakwai, sai hannu ya riƙa ƙaiƙayi. Murjani yana ɗaukar makonni kafin ya daidaita yawan gansakukarsa da launinsa da hasken da ya samu, duk sauyi kuma yana mayar da shi farko. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, ku kuwa dutsen ma raya shi kuke son yi. Ku saita, ku cire hannu.

Saura abin da masu rubuta littattafan wannan sha'awa a Turai ba su cika damuwa da shi ba, wato ɗauke wuta. Idan aka ɗauke, kada ku ruga kan fitila. Murjani yana jure kwana biyu ko uku babu haske, ai a teku ma hadari yakan rufe rana. Ruwan da ya tsaya cik kuwa cikin sa'o'i iskar shaƙarsa ke ƙarewa, kifaye su fara mutuwa, murjani ya bi. Batirin inbata na injin motsa ruwa ne da farko, sai abin sanyaya ruwa, fitila ce ta ƙarshe. In wuta ta dawo kada a ce za a rama wa murjani da ƙarin awanni. A sa sitabilaiza tsakanin fitila da bango, domin wutar da ke dawowa da ƙarfi ba ta san kuɗin da kuka kashe ba. Soket da mahaɗar wayoyi su kasance sama da inda ruwa ke fantsama, waya kuma ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket don ɗigo ya sauka a ƙasa. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki fiye da na rijiya, kuma hannunku kullum a cikinsa yake.

Gaɓar tekun Najeriya ba ta da irin waɗannan tsaunukan murjani, ruwan daɗi da lakar da koguna ke kwararowa ba sa barin su. Duk abin da za ku sa a tanki daga nesa zai zo, kuma murjani mai ƙashi yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ba ya tsallaka iyaka sai da takardar izini. Ku nemi 'yan rassan da aka raya a tankin wani ko a gonar murjani, domin sun riga sun saba da hasken fitila. Ku tambayi mai sayarwa a PAR nawa yake ajiye da su, ku nemi wurin da ke da kusan wannan lamba a takardar da kuka zana, ko ƙasa da ita kaɗan. Duk mako ku ɗauki hoton kowane reshe daga wuri ɗaya, da farin haske, ku rubuta kwanan wata da ƙarfin da fitila take kai. Sai kun tara hotunan wata guda kun jera su sannan ku yanke ko za a ƙara ko za a rage.